Wa Ke Biyan Aikin Da Ba Ya Shiga Kwando?

A garin South Egremont, can yammacin jihar Massachusetts ta Amurka, akwai wata gona mai faɗin eka 17 da ake kira Indian Line. Da zarar watan Oktoba ya kama, manoman wannan yanki ba sa kwanciya sai sun duba hasashen yanayi, domin dare ɗaya tak ya isa ya kashe rabin abin da ke tsaye a gona. Sama ta washe, iska ta kwanta, sanyi ya sauko har raɓa ta daskare a kan ganye. Kafin hantsi tumatir da tattasai da kokwamba sun yi baƙi sun langaɓe, babu sauran abin ɗauka. Saboda haka ranar da aka ce sanyin yana tafe, kowa a gona yake wuni har duhu. A tsinke tattasai, nunanne da ɗanye, a kwashe kabewa zuwa rumfa, a lulluɓe latas da farin ƙyalle mara nauyi, a danne gefensa da buhunan yashi don kada iska ta yaye.

Duk manomin kayan lambu na arewa maso gabashin Amurka yana yin wannan tseren. Abin da ya bambanta Indian Line da gonaki irinta shi ne an riga an biya kuɗin kayan tun kafin a shuka su. Magidanta ne na garuruwan da ke kusa suke zuwa tun cikin hunturu, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, kowa ya sayi kaso a cikin amfanin shekarar da ba a ko fara ba. Kuɗin yakan kai dala ɗari-ɗari masu yawa ga gida guda. Manomi ya sayi iri da taki da man tarakta da wannan kuɗin, ya ɗauki ma'aikata. Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, mako ashirin ko sama da haka, kowane mamba ya zo sau ɗaya a mako ya ɗauki rabonsa na abin da gona ta bayar. In an samu albarka kwando ya cika ya batse. In shekara ta zo da gardama kwando ya rame, kuma ba wanda zai ce a mayar masa da kuɗinsa, don da wannan sharaɗin ya shiga. Amurkawa suna taƙaita sunan tsarin da haruffa uku, CSA, wato noman da jama'a suka ɗauki nauyinsa.

Masu tallata tsarin sun fi son nuna hoton kwandon watan Agusta, cike da jan tumatir da masara ɗanya. Amma wanda yake son sanin ko tsarin yana da amfani, to ya jira kaka, ya tsaya ya ga makonni shida na ƙarshe. A cikinsu ne ake yin aikin da kasuwa ba ta taɓa biya ba, kuma a cikinsu ne ake gane ko mamban nan abokin tarayya ne ko kuwa mai saye ne da ya yi gaggawar biya.

A wannan gona ta Indian Line aka fara abin da wannan suna a Amurka, kuma da amfanin kaka aka fara shi. Wata mata mai suna Robyn Van En ce ke da gonar. Wani saurayi, Jan Vander Tuin, ya dawo daga Suwizalan inda ya ga yadda mutanen birni ke haɗa kai da manoma a kusa da Zurich da Janeba, ya ba ta labari. A 1985 suka gwada da wani lambun tuffa: suka sayar da kaso 30 tun kafin a tsinke, aka raba wa mambobi tuffa da ruwanta. A 1986 suka shiga kayan lambu gadan-gadan. A wannan shekarar ce kuma, a jihar New Hampshire da ke maƙwabtaka, Trauger Groh, wanda ya zo daga Jamus, da abokansa Anthony Graham da Lincoln Geiger suka kafa gonar Temple-Wilton a kan irin wannan tunani. Ba su ne farko a duniya ba. Tun a shekarun 1970 matan aure a Japan, waɗanda labarin guba a abinci da gurɓatar ruwa ya tayar wa hankali, suka riƙa ƙulla alaƙa kai tsaye da manoma, har ƙungiyar noma mara sinadari ta ƙasar, wadda aka kafa a 1971, ta rubuta wa tsarin ƙa'idoji goma a 1978. Ɗaya daga cikinsu ita ce mai ci ya karɓi duk abin da gona ta fitar, ya daidaita girkinsa da shi. A Amurka ma kanta, Farfesa Booker T. Whatley na Tuskegee a jihar Alabama ya daɗe yana shawartar ƙananan manoma baƙar fata da su tara magidantan birni su zama 'yan ƙungiyar gonarsu, su biya kuɗin shiga a farkon shekara, su riƙa zuwa suna tsinkar kayansu da kansu a kan farashi mai rahusa. An jima ba a sa sunansa a tarihin wannan harka ba, alhali ya cancanta.

To me ake yi a makonnin nan na ƙarshe?

Da farko tono. Dankalin Turawa, karas, da sauran masu saiwa, duk sai an fitar da su kafin ƙasa ta daskare ta zama kamar dutse. Aiki ne na durƙuso a cikin laka mai sanyi, yatsu suna ƙagewa, kuma rana tana gajarta kullum. Akwai dabara a wajen lokacin: karas da wasu ganyaye dangin kabeji suna ƙara zaƙi idan sanyi ya ɗan taɓa su, domin tsiron yana mayar da sitacinsa sukari don ya kare kansa daga daskarewa. Manomin da ya san aikinsa yakan bar su su sha sanyi biyu ko uku, amma ba ya wuce gona da iri, don in ƙasa ta kulle da su a ciki sai dai a haƙura.

Bayan tono sai ajiya, kuma nan ne ilimin yake. Kowane amfani da irin ɗakin da yake so. Kabewa tana bukatar a shanya ta kamar kwana goma a wuri mai ɗumi, wajen digiri 27 zuwa 29, har ɓawonta ya yi tauri, ƙujewar da ta samu wajen ɗauka ta warke, sannan a mayar da ita ɗaki mai sanyi kaɗan, digiri 10 zuwa 13, busasshe. Dankalin Hausa ma sai an yi masa irin wannan jinyar da ɗumi da laima kafin ya yi zaƙi ya kuma jure ajiya. Albasa da tafarnuwa sai wuyansu ya bushe ƙayau, sannan a kai su wuri mai sanyi mara laima. Karas da kabeji kuwa akasin haka suke so: sanyi dab da daskarewa, da laima mai yawa, in ba haka ba su yi yaushi. Dankalin Turawa yana son duhu, haske na sa shi ya yi kore. Ko maƙwabtaka sai an lura da ita, domin tuffa tana fitar da wata iska da ke sa karas ɗaci idan aka haɗa su ɗaki ɗaya. Gonar da ta iya wannan tana iya ciyar da mambobinta har watan Fabrairu ko Maris daga abin da ta tone a Oktoba, kuma da yawa suna sayar da kaso na biyu, kason hunturu, a kan haka. Wasu kuma sukan rufe shekara da babban rabo guda dab da bikin godiya na Amurkawa, wanda ke faɗowa ranar Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba, kowane gida ya tafi da buhun dankali da kabewa da albasa.

Gaggawar tana da dalili na biyu bayan sanyi, wato hasken rana. A Kano ko Zinder, ranar da ta fi kowace gajarta a shekara tana da haske sama da awa 11. A Massachusetts, daga wajen 10 ga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu hasken ba ya kai awa 10, kuma manoma irin su Eliot Coleman na jihar Maine sun daɗe da lura cewa idan ya sauka ƙasa da haka tsiro kusan tsayawa yake yi cak, ko da an sa shi cikin rumfar leda. Ke nan alayyafon da za a ci a Janairu dole ne ya gama girmansa tun farkon Nuwamba, ya zauna yana jira. Wanda ya makara da mako biyu wajen shuka shi a Satumba ya rasa shi gaba ɗaya.

Duk wannan aƙalla yana ƙarewa a bakin wani. Akwai kuma aikin da ba ya shiga kwandon kowa a wannan shekara.

Tafarnuwa ce misali mafi sauƙi. A cikin Oktoba ake shuka ta, a ɓare kai zuwa ƙwaya-ƙwaya, a tura kowace cikin ƙasa da hannu, a rufe da tattaka mai kauri. Za ta yi saiwa kafin ƙasa ta daskare, ta kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ta tsiro a bazara, ba za a cire ta ba sai Yuli. Wata tara ke nan tsakanin wahala da sakamako. Kuma iri mai kyau daga manyan kawuna yake fitowa, waɗanda su ne za su fi tsada a kasuwa. Manomin da kuɗi ya matse shi a kaka yakan sayar da manyan ya shuka ƙanana, baɗi ya girbi ƙanana.

Sai shukar rufe ƙasa, wadda ita ce zuciyar maganar. Duk filin da aka gama kwashe amfaninsa, manomin kirki ba ya barinsa tsirara. Yakan watsa masa irin wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi, sau da yawa a haɗe da wata ciyawa dangin wake. Ba don a girbe ba. Hatsin yana riƙe ƙasa da saiwarsa don kada ruwan sama da narkewar ƙanƙara su wanke ta, yana kuma tsotse ragowar sinadarin taki da zai zurare zuwa rafi ya ajiye shi a jikinsa. Ciyawar kuma, kamar yadda wake da gyaɗa ke yi, tana jawo sinadarin naitirojin daga iska ta zuba wa ƙasa. Idan bazara ta zo sai a nome su duka a binne, su ruɓe su zama abincin shukar da za ta biyo baya. An sayi iri, an ƙona mai, an biya mai tuƙa tarakta, kuma ba za a sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Dole kuma a yi shi kafin tsakiyar Oktoba ko kusa da haka, daidai lokacin da kowane hannu ke wajen tonon dankali.

Ga kuma ƙananan ayyuka da ba sa ƙarewa. A naɗe bututun ban-ruwa, a tsiyaye duk ruwan da ke cikin famfo da tiyo, domin ruwa in ya daskare yana kumbura ya fasa ƙarfe. A tumɓuke turakun tumatir, a kwashe busassun rassansa daga fili don kada cuta ta kwana a ciki. A yaye ledar da aka shimfiɗa a kan kunyoyi. A watsa takin gargajiya, a ɗebi ƙasa a aika gwaji, a wanke kwanduna, a sa wa injuna mai, a zauna da littafi a rubuta abin da aka shuka a kowane fili don baɗi a juya, kada dangin tsiro ɗaya su maimaita wuri.

A tsarin kasuwa na yau da kullum, wa ke biyan wannan? Babu. Mai kanti yana biyan kilon karas ne, ba ya tambayar ko an rufe ƙasar da aka cire shi. Ma'aikatar noma ta Amurka da kanta ta ƙiyasta cewa a 2022, a cikin kowace dala da Ba'amurke ya kashe kan abincin da aka noma a ƙasar, kusan santi 15 ne kacal suka isa gona. Sauran yana tafiya wajen sarrafawa da sufuri da kanti da gidan abinci da talla. Manomin da ke rayuwa a kan wannan ɗan ragowar, idan ya zo yanke abin da zai rage, aikin da ba ya kawo kuɗi bana shi zai fara yankewa, ƙasa kuma ta riƙa biyan bashin a hankali. Mamban da ya ba da kuɗinsa a Fabrairu bai sayi kilo kaza na komai ba. Ya ɗauki wani yanki ne na kuɗin tafiyar da gona na shekara guda, kuma irin rufe ƙasa da tattakar tafarnuwa suna cikin wannan lissafi. Wannan shi ne babban abin da tsarin ya zo da shi, ya fi sabon latas muhimmanci nesa ba kusa ba.

Gonar Temple-Wilton ta kai abin matuƙa. A can ba a sa wa kaso farashi ɗaya. Manoma sukan kawo kasafin kuɗin shekara gaban taron mambobi, a ga abin da za a kashe, kowane gida ya faɗi abin da zai iya ɗauka gwargwadon ƙarfinsa, har a cike jimlar. Daga nan mamba ya riƙa shiga shagon gona yana ɗibar madara da kayan lambu gwargwadon bukatar gidansa. Gonaki masu yawa a Jamus sun ɗauki irin wannan zagayen alkawari: in an tara bai kai ba, a sake zagayawa. Mai hali ya ɗauki nauyi fiye da mara hali ba tare da an kunyata kowa ba, kuma wanda ya ga kasafin da idonsa ba zai yi mamakin dalilin da ya sa ake kashe kuɗi a kan hatsin da ba za a girbe ba.

Alkawarin raba asara kuwa ba magana ce ta fatar baki ba, an sha gwada shi. A 2009 cutar da ke ƙona ganyen tumatir da dankali, irin wadda ta jefa Ayalan cikin yunwa a shekarun 1840, ta mamaye arewa maso gabashin Amurka a cikin damina mai sanyi da yawan ruwa, gonaki da yawa suka rasa tumatirinsu ɗungurungum. A ranar 28 ga Agusta 2011, guguwar Irene ta zubar da ruwa a jihar Vermont, kogin Winooski ya yi ambaliya ya shanye fadamar Intervale da ke birnin Burlington, inda ƙananan gonaki da dama suke, ciki har da Intervale Community Farm, wadda aka kafa a 1990, kuma mambobinta ne suka mallake ta. Lokacin ya zo daidai da sa'ar da amfanin kaka ke dab da nuna. Dokar abinci ta Amurka kuma ba ta yarda a sayar da kayan lambun da ruwan ambaliya ya taɓa ba, saboda ƙazanta da gubar da yake ɗaukowa, don haka kabewar da ke kwance lafiya lau a ido sai dai a nome ta. Ruwan ya sake dawowa a Yulin 2023, lokacin da 'yan sa-kai suka yi ta rububin kwashe abin da za a iya kafin kogin ya iso, ya kuma dawo a Yulin 2024. Gonar tana nan tana aiki. Manomin da ke tsaye shi kaɗai, da bashin banki a wuyansa, asarar shekara guda tana iya raba shi da gonarsa. Idan aka raba asarar nan a kan ɗaruruwan gidaje, kowane gida abin da ya rasa shi ne kayan miyan 'yan makonni.

Sai dai tsarin yana da raunuka, kuma masu ƙaunarsa ne ya fi kamata su faɗe su. Ƙididdigar ma'aikatar noma ta nuna gonaki 7,398 ne suka sayar ta wannan hanya a 2015, cinikin dala miliyan 226. A 2020, shekarar da annobar korona ta sa mutane suka yi ta neman abinci kai tsaye daga gona, adadin ya tsaya a gonaki 7,244 da dala miliyan 225. A ƙasar da ke da gonaki kusan miliyan biyu, wannan ɗigo ne. Shekara talatin da biyar bayan Robyn Van En, abin bai mamaye ko'ina ba.

Binciken da Ryan Galt na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya yi a kan irin waɗannan gonaki ya tono abin da ya fi ciwo. Manoma da yawa ba sa sa wa kansu albashin kirki a cikin lissafi. Saboda sun san mambobinsu ido da ido, suna jin nauyinsu, sai su ƙi ƙara farashi, su cika kwando fiye da kima, in shekara ta ɓaci ma su sayo kaya daga wata gona su cike giɓin don kada a ga kasawarsu. Wato asarar da aka ce za a raba, manomi ya haɗiye ta shi kaɗai cikin kunya. Binciken nasa a Kalifoniya ya kuma nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin uku na mambobi ba sa sabunta kasonsu a shekara mai zuwa. Dalilan sanannu ne: an gaji da kabeji, an kawo ganyen da ba a san yadda ake dafa shi ba, ranar ɗauka ba ta dace da aiki ba. Ga kamfanoni da suka shigo suna kai akwatin kayan lambu har ƙofar gida, mutum ya zaɓi abin da yake so a waya, ya soke duk ranar da ya ga dama. Don su yi gogayya da su, gonaki da yawa sun koma ba da zaɓi, da biyan wata-wata, da damar ficewa a tsakiyar shekara. Ba laifin manomi ba ne, yana neman tsira. Amma duk sa'ar da aka buɗe wa mamba ƙofar fita a watan Satumba, an mayar da haɗarin kan wanda aka ce za a sauƙaƙa wa, kuma abin da zai fara shan wahala shi ne aikin Oktoban nan da ba ya shiga kwando.

Akwai kuma tambayar su wa ke ci da su wa ke tonowa. Biyan dala ɗaruruwa a dunƙule sai mai ɗan hali, shi ya sa mambobin suka fi yawa a cikin masu ilimi da albashi. An ɗan gyara: dokar noma ta 2014 ta ba masu karɓar tallafin abinci na gwamnati damar biyan kasonsu har kwana 14 kafin ɗauka, gonaki da yawa kuma suna da farashi hawa-hawa, ko kason da ake biya da aikin hannu. A ƙarshen kaka ƙungiyoyin sa-kai sukan shiga gonaki su yi kala, su kai abin da suka tara rumbunan ciyar da mabukata. Amma a gonakin wannan yanki, manya da matsakaita, hannayen da ke tsinkar tuffa da tonon dankali sau da yawa na 'yan ƙwadagon da suka zo daga Jamaika da Meziko ne da bizar aikin gona ta wucin gadi, ko na matasa masu koyon aiki da ake ba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan Nuwamba ta yi aikinsu ya ƙare. Kasafin da ya tanadi irin rufe ƙasa amma bai tanadi ladan kirki ga wanda ya watsa shi ba, bai cika adalci ba.

Mai karatu a Katsina ko Maraɗi ba baƙo ba ne ga biyan kuɗi kafin girbi. Ya san manomin da ke cin bashin hatsi ko taki a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya biya da kaka da ƙari mai nauyi, daidai lokacin da farashi ya faɗi warwas saboda kowa ya kawo kasuwa. Ya san mai kuɗin da ke sayen amfani tun yana tsaye a gona a kan farashin wulaƙanci. A nan ma kuɗi ya riga girbi, amma haɗarin duka yana kan manomi: ko fari ya zo, ko ambaliya, ko tsutsar da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, bashi yana nan daram. Ya kuma san wani abu da ya fi kusa da tsarin Amurkawan nan, wato ma'aikacin birni da ke aika wa ɗan'uwansa kuɗin taki a farkon damina, da kaka a aiko masa da buhun masara ko gero a mota, in shekara ba ta yi kyau ba kuma ya ce Allah ya kai mu baɗi. Wannan tarayya ce ta gaskiya, sai dai ta tsaya a iyakar zumunta. Abin da Van En da Groh suka ƙara shi ne sun fitar da ita daga cikin dangi, sun ƙulla ta tsakanin mutanen da ba su haɗa komai ba, da kasafi a rubuce wanda kowa ke gani.

Ba lallai ne a kwafo komai ba. Lambun rani na Kadawa ko na bakin kogi a Yamai ba ya tsoron daskarewar raɓa, matsalarsa ruɓewar tumatir ce a mako uku na cikar kasuwa da tsadarsa bayan wata uku. Amma ƙungiyar malaman makaranta ko ta ma'aikatan asibiti, gida hamsin ko ɗari, da za ta zauna da manomi guda tun kafin a fara ban-ruwa ta ɗauki kuɗin aikinsa, ta riƙa karɓar rabonta mako-mako, ba abu ne da ya fi ƙarfin masu adashi ba. Wajen rubuta yarjejeniyar ne ake bukatar hankali. Cinikin salam da fiƙihu ya sani yana sharɗanta a san mudu nawa, wane iri, kuma yaushe. Wannan tsarin kuwa rabo ne daga abin da Allah ya bayar, mai yawa ko kaɗan, don haka a babin tarayya ya dace a gina shi tun farko, tare da malamai da suka san babin, kowa ya shiga ya san abin da ya sa hannu a kai.

Abu na ƙarshe da tarihin Indian Line ya nuna shi ne duk wannan ba ya tsayuwa sai da tabbacin ƙasa. Robyn Van En ta rasu ba zato a 1997, gonar ta kusa shiga kasuwa a yankin da masu kuɗin birni ke sayen filaye don gina gidajen hutu. A 1999 aka yi wani haɗin gwiwa na ɓangare uku: wata amintacciyar ƙungiyar riƙon filaye ta yankin kudancin Berkshire, inda gonar take, ta sayi ƙasar da gudummawar jama'a, ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy ta sayi haƙƙin hana a yi gini a kanta, manoma biyu kuma, Elizabeth Keen da Alexander Thorp, suka sayi gine-ginen, aka ba su hayar filin ta shekara 99. Manomin da ke noma filin aro na shekara ɗaya ba zai zuba taki mai ɗorewa ba, ba zai shuka hatsin da zai binne ba, domin bai san ko shi zai ci moriyar ba ko wanda mai fili zai ba baɗi. Mambobin da suke son a ci gaba da yi musu aikin Oktoba, sai sun tambayi manominsu abu biyu a taron ƙarshen shekara: nawa ya rubuta wa kansa da ma'aikatansa a cikin kasafin, kuma shekara nawa suka rage masa a kan filin.